Farar Fatihar Usta Mirzohid

Shekarata goma sha huɗu a gidan ubangidana Usta Mirzohid, maginin kwanuka, kafin ya yi maganar sallamata da gaske. Na zo masa ina da shekara goma sha tara, ban iya komai ba sai cuɗa yumɓu da ƙafa. A hankali na kai ga ni ke hawa faifan juya yumɓu in gina faranti, ni ke haɗa tokar da ke ba kwanukan garinmu Rishtan shuɗin nan nasu, ni ke tsaron wutar tanderu. A hannunsa na yi aure, na haifi 'ya'ya biyu. Amma duk kwanon da na gina sunansa ake rubutawa a gindi, domin a wajenmu magini ba ya zama mai kansa sai ubangidansa ya tara magina, ya ɗaura masa ɗamara, ya ba shi farar fatiha, wato albarkar sallama, da bakinsa. In ba haka ba, ko ka fi kowa iyawa, ba mai ba ka ɗansa ka koya masa, kuma in magina sun zauna cin abinci kai ne mai zuba shayi.

Sau ɗaya ya taɓa cewa ya sallame ni, a shekarata ta tara. Na bar wuta ta yi yawa, faranti arba'in suka tsattsage. Ya tsaya a bakin tanderu yana huci.

"Tafi, na sallame ka. Je ka buɗe naka wurin ka ƙona naka yumɓun, tunda ka gama sanin komai."

Na shiga na naɗe rigar aikina da alƙaluman zanena na fito. Inna Sharofat, matarsa, tana tsakar gida tana yanka karas.

"Komil, ina zuwa da ƙunshi?"

"Usta ya sallame ni, Inna."

"A gaban wa?"

"Ba kowa. Ni da shi ne."

"Da tanderu," ta ce. "Tanderun ne zai je ya shaida wa magina? Akuyar gidan nan ma jiya ya sallame ta da ta ci masa ganyen inabi, ga ta can a ɗaure. Ajiye kayan nan ka zo ka hura min wuta. Ranar da zai sallame ka da gaske ba za ka ji yana ihu ba."

Haka kuwa aka yi. Bayan shekara biyar, wata safiya muna shan shayi a ƙarƙashin rumfar inabi, Usta ya ce ba tare da ya dube ni ba, "In an cire inabi za mu tara mutane. Ka ce wa matarka ta nemo yadin ɗamara mai kyau, kar ta sayo mai zuba."

Aka sa rana, aka sayi rago da shinkafa. Saura kwana tara na shigo da safe na same shi kwance a gefen faifai, yumɓu yana bushewa a hannunsa. Mako uku ya yi a asibiti. Da aka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa, ita ce "gobe". In an gaishe shi ya ce gobe, in an ba shi magani ya ce gobe, in ciwo ya dame shi ya yi ta faɗarta har ya gaji.

Ɗansa ɗaya, Farruh, yana tuƙin manyan motoci a Rasha. Sa'ana ne, mun shekara muna ci a kwano ɗaya kafin ya tafi. Ya zo da hutun wata guda, ya ga halin da ake ciki, ya ja ni muka je shagon shayi wurin Baba Ergash, shugaban magina, dattijo mai shekara tamanin wanda suka koyi gini tare da Usta.

"Baba, kowa ya san mahaifina ya sa rana," Farruh ya ce. "Ni ɗansa ne. Ku bar ni in faɗa a madadinsa."

"Kai ka koya wa Komil gini?"

"A'a."

"Ka taɓa gina ko kofin shayi?"

"Sau ɗaya. Babana ya ce ya yi kama da takalmi."

"To me za ka ba shi, ɗana? Gida za ka gada, lambu za ka gada. Wannan kuwa ba ta taɓa shiga hannunka ba balle ka miƙa."

"Liman fa?"

"Liman ya yi masa addu'a daga nan har azumi, mu ce amin. Amma ba shi ya riƙe shi ba, ba shi zai sake shi ba."

"To kai fa, Baba?"

Dattijon ya juya kofinsa a hannu. "Ni ina bayarwa ne in ubangida ya rasu. Mirzohid yana raye."

Zan faɗi abin da ban so faɗa ba. A hanyarmu ta komawa gida wani tunani ya gifta min, cewa ashe hanya biyu ce, warkewarsa ko rasuwarsa, kuma ɗaya ta fi kusa. Bai daɗe a raina ba, amma ya zo. Da na shiga na ga Usta a zaune Inna tana ba shi miya da cokali, sai na kasa haɗa ido da shi.

Farruh bai haƙura ba. Ya lura in an yi wa mahaifinsa tambaya yana gyaɗa kai, sai ya ce ai kurma ma yana saye da sayarwa da alama. Ana saura kwana biyu ya koma ya roƙi magina shida suka zo tare da Baba Ergash. Aka zaunar da Usta a gadon katako na tsakar gida, aka jingina shi da matasai. Baba Ergash ya durƙusa a gabansa.

"Mirzohid, ga Komil. Ka yarda ka sallame shi?"

Usta ya gyaɗa kai. Mutane suka fara ɗaga hannu.

"Ku dakata," in ji Baba Ergash. "Mirzohid, yau Juma'a ce?"

Ya gyaɗa kai.

"Yau Talata ce?"

Ya gyaɗa kai.

"Sunanka Ergash?"

Ya gyaɗa kai yana murmushi, ya ce, "Gobe."

Wani ya yi dariya, nan take ya ji kunya ya sunkuyar da kai. Baba Ergash ya riƙe hannun abokinsa mai lafiya. Sannan ya miƙe da ƙyar ya ce, "Yau ba mu ji komai ba. A kawo abinci."

Na bi shi har titi. Ban taɓa yi wa babba magana a tsaye haka ba.

"Baba, da ka yi shiru ba wanda zai ce komai."

"Kai za ka ce."

"Ni?"

"Duk ranar da ka juya kwano za ka rubuta sunanka, sai ka tuna cewa da kan mara lafiya aka ba ka. Kuma shi fa? Shekara hamsin yana tara abin nan, sai mu zare masa daga aljihu don ba ya iya cewa a'a?"

Ban ji maganarsa ba a ranar. Wata biyu ina canza hanya don kar in gaishe shi.

Farruh ya koma bakin aikinsa, sanyi ya shigo. Wani ɗan kasuwa daga Tashkent ya zo ya ce in bi shi, zai ba ni wuri da tanderun gas, in rubuta sunan da na ga dama, masu yawon buɗe ido ba sa tambayar wa ya sallami wa. Matata ta ce in yi tunani, yara suna girma. Na yi tunanin, na zauna. Ba zan ce tsabar kirki ba ne. In na tafi wutar gidan za ta mutu, kuma kunyar abin da ya gifta min tana nan tana cina.

Wata rana bayan la'asar na ji murya daga ɗakin Usta. Na leƙa, sai ga shi yana karanta Fatiha tun daga farko har ƙarshe, ba gargada ko ɗaya. Na ruga kicin wurin Inna.

"Inna, bakinsa ya buɗe. In zai iya wannan, mu koya masa kalmomin sallama ya haddace, a kira mutane."

Ta ci gaba da murza gurasarta. "Ya kwana goma yana yi. Jiya buta ya karanta wa. Kai buta ne?"

"Amma dai kalmomin za su fito."

"Za su fito su je ina? Bakin ne yake tafiya shi kaɗai, kamar jakin da ya san hanyar gida. Likita ta ce da ma haka ciwon yake, abin da aka haddace tun ƙuruciya ba ya tafiya. Abin da muke nema shi ne ya dube ka ya san kai ne, ya so faɗa, sannan ya faɗa." Ta share hannu a zani. "Ta ce a riƙa yi masa hira. Ni na yi har bakina ya bushe, kallona kawai yake. Wannan mutumin tunda na aure shi bai taɓa sauraron hirata ba, yanzu ne zai fara? Ka kai shi wurin yumɓunsa."

Daga ranar kullum da safe nake goya shi in kai shi ɗakin aiki. In zaunar da shi a kujera kusa da faifai, in lulluɓe masa ƙafa da bargo, in sa masa sandarsa a hannun hagu. Ina gini ina ba shi labarin abin da nake yi, wa ya yi oda, wa ya ƙona kayansa, tokar bana ta fi ta bara ko ba ta kai ba. Shi kuwa idonsa na kan hannuna. Haka muka yi mako shida ba abin da ya canza.

Ranar da aka fara dusar ƙanƙara ina sauri in gama kwanukan miya ashirin, yatsuna sun ƙage. Na sauke ɗaya a kan katako, sai na ji sanda ta bugi ƙasa. Na juya. Fuskarsa ta yi ja, leɓensa yana motsi.

"Kar... karkace."

Na dubi kwanon. A karkace yake kuwa.

Na ƙwala wa Inna kira, ta zo da gari a hannu. Na ɗaga kwanon na nuna masa, ya sake cewa, "Karkace." Inna ta zauna a kan buhun toka, ta rufe fuska da gefen mayafinta. Da ta buɗe ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya ina yi masa girki, kalmar farko bai ce Sharofat ba."

Daga nan na gane hanya. Na riƙa ɓata aiki da gangan. In bar gindi da kauri, ya ce "kauri". In cika ruwa a yumɓu, ya ce "ruwa". In zana furen rumman a juye, ya yi ta kokawa da harshensa har ya samo "jaki". Na yi asarar yumɓu da yawa a wannan sanyin, ban taɓa jin daɗin zagi irin na lokacin ba. Sai wata rana na lanƙwasa bakin faranti ina satar kallonsa. Ya dube ni, ya dubi farantin.

"Ƙarya," ya ce.

"Usta?"

"Ka iya. Ƙarya."

Na gyara farantin, ban ƙara yi masa wannan wayon ba.

Zuwa bazara yana haɗa kalma uku ko huɗu, yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa rumfa. Sunan Inna ya dawo, sunayen 'ya'yana suka dawo. Wasu kalmomin ba su dawo ba har abada, cokali ma sai ya ce "na miya". Inna ta hana kowa ya tada maganar fatiha. Ta ce in an tuna masa ya zama roƙo, in ya zama roƙo zai yi don kunya.

Inabi ya sake nuna, aka cire, Usta bai tada maganar ba. Na cire rai da wannan shekarar. Sai wata Talata da hantsi ya nuna ƙofa da sanda.

"Ergash. Kira."

Na je da kaina, na tsaya a gaban dattijon ina jin nauyin watannin da na yi ina kauce masa. Ya sa takalmi ya biyo ni. Da ya zauna, Usta ya dube shi ya daɗe, sannan ya ɗaga yatsa.

"Yau... Talata. Kai Ergash. Tsoho."

Ashe Inna ta ba shi labarin abin da ya faru. Baba Ergash ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"To na ji, Mirzohid. Me kake so?"

"Mutane. Shinkafa. Komil."

An yi taron da sassafe ranar Lahadi, kamar yadda ake yi. Farruh ya yi kwana uku a hanya ya iso. Magina sun fi talatin a tsakar gida, ƙamshin shinkafa da karas da kitsen rago ya cika unguwa, mata suna leƙe daga ƙofar kicin. Usta ya ƙi a yi masa a zaune. Farruh ya tallafe shi ta dama, na tsaya a gabansa. Ya zagaya min ɗamarar da hannun hagu, ya kama ɗaya bakin da haƙori ya ja ƙullin. An so a taimaka masa ya ture hannun. Sannan ya ɗora tafinsa a kafaɗata ya buɗe baki.

"Farruh..."

Na san in ya wuce a haka, an koma gidan jiya. Ba wanda ya yi masa gyara, Baba Ergash ya riga ya gargaɗi kowa. Usta ya runtse ido, ya girgiza kai, ya matse min kafaɗa har na ji zafi.

"A'a. Ba shi ba. Wannan. Komil."

Ya numfasa. Kowace kalma sai ya neme ta kafin ta zo.

"Na koya masa. Ya iya. Na riƙe... da yawa. Tsoro. Ka yafe." Ya juya ga jama'a. "Na sake shi. Na yarda. Hannu... albarka."

Ya tsaya nan. Wani daga baya ya ce a hankali ai bai ambaci sunayen iyayen gidan da suka gabata ba, kuma akwai doguwar addu'ar da ake yi.

"Ya san wa yake ba, har ya gyara da kansa," in ji Baba Ergash. "Ya san me yake bayarwa, ba wanda ya sa shi, mu kuma mun ji. Sunayen ni zan karanto." Ya dube ni. "Komil, kai muke jira."

Ban gane ba. Na tsaya ina kallonsa.

"An ba ka abu ba ka ce ka karɓa ba. An kuma roƙe ka abu ba ka amsa ba. Ko mu zauna shinkafa ta huce?"

Shekara guda ina jiran bakin Usta ya buɗe, ga shi nawa ya ƙi.

"Na karɓa, Usta. Na yafe. Ni ma ka yafe min."

Bai san me nake nufi ba, amma ya ce, "Na yafe." Baba Ergash ya karanto sunayen magina bakwai, daga ubangidan Usta zuwa sama, aka ɗaga hannu aka shafa. Na nufi butar shayi bisa sabo, wani ya karɓe ta daga hannuna ya nuna min wuri a kan shimfiɗa.

Da yamma, bayan kowa ya watse, na taya Inna wanke manyan faranti. Na tambaye ta tsoron me Usta yake nufi.

"Tun ranar da Farruh ya tafi yake tsoron kar ɗakin aikin nan ya yi shiru. Tun shekararka ta goma ya ce min ka fi shi hannu. Kowace kaka sai ya ce baɗi."

Sai na gaya mata abin da ya gifta min a hanyar shagon shayi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata. Ta ci gaba da goge farantin da ke hannunta.

"Na ga fuskarka ranar," ta ce. "Ni ma akwai ranar da na gaji har na ce Allah ya yanke masa wahala, ban san ko tasa nake nufi ko tawa ba. Kai dai ka goya shi sanyi guda. Miƙo min wancan."

Washegari na je shagon shayi na gaida Baba Ergash, na ba shi haƙuri a gaban mutane, na gode masa. Ya ce godiyar ta yi, amma haƙurin sai na biya masa shayi.

Gida uku ne tsakanin wurin da na buɗe da na Usta. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, kuma kusan kullum sai ya tako da sandarsa ya zo ya zauna. Ɗakin aikinsa bai mutu ba, 'yar Farruh ta fari ce take zane a cikinsa yanzu, ni nake gasa mata. Inna Sharofat tana nan, idonta ya yi rauni amma bakinta lafiya lau. Duk Alhamis matata tana dafa shinkafa in kai mata da kaina, in zauna har ta gama ci. Makon jiya ta ce gishiri ya yi yawa, ta kuma ce in an jima in zo da tsani, rumfar inabinta ta fara sauka ta gefen gabas.